Shekarar da Ban Je Shara Ba

Na san abin da kuka ji a kaina, ku 'ya'yana da jikokina, don wanda ake gulmarsa ba kurma ba ne. Kun ji an ce ni na hana kawunku Alhaji Isiyaku sarauta. Kun ji an ce na tsaya a tsakiyar dangi da rana tsaka na shirga ƙarya. Wasunku ma sun ji wanda ya fi wannan muni, wai Asabe tana da mutane a daji. Ƙaryar dai na yi ta, kuma ba zan ba kowa haƙuri ba. Mutane a daji kuwa ina da su, amma ba irin waɗanda masu maganar ke nufi ba. Hannuna ya fara rawa, idona ya fara hazo, shi ya sa na ce bari in rubuta muku yadda abin ya faru tun da sauran hankalina, kada in mutu a bar ku da labarin matan unguwa.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da labari guda da yake so kamar ransa. Duk ranar da aka yi baƙo, ko tuwo ya yi masa daɗi, sai ya gyara zama ya ce mu jinin sarauta ne. Wai tun Birnin Gwari tana tsohon wurinta, kafin a taso a dawo bakin titi, an yi wani ɗan sarki da ya nemi gadon ubansa aka ba wani, zuciya ta ɗebe shi ya ja dokinsa ya shige daji. Sunansa na yanka ya ɓace, Na-Daji kawai ake ce masa. Daga nan sai Baba ya yi tsalle, ya ƙetare duk abin da ke tsakani, ya diro a kan kakanmu, ya ce to daga can muka fito. In baƙon ya ce ta yaya, nan take Baba zai tuna bai yi alwala ba. Isiyaku ya sha wannan labari tun yana rarrafe, sannan aka kai shi makarantar kwana, daga can ya wuce aiki Kaduna. Rabin da Baba ke faɗa, shi kaɗai ya tafi da shi.

Ɗaya rabin yana hannun ƙanwar Baba, Goggo Lami. Ina 'yar yarinya, ko zancen aure ba a fara yi mini ba, washegarin Cika-ciki ta miƙo mini sabuwar tsintsiya ta ce in biyo ta. Muka hau motar kasuwa zuwa Kazage, muka sauka, muka bi hanyar shanu har ƙafata ta yi zafi, sai ga wata ruga a gindin itatuwan ɗorawa. Goggo ko sallama ba ta ƙarasa ba ta duƙa ta kama share gaban bukkar mai rugar. Mata suka fito suna shewa. Wani saurayi dogo, siriri, da sanda a kafaɗa, ya zagaye ni yana duba ni sama da ƙasa.

"Goggo, wannan ce sabuwar baiwar tawa? Ai ba ta da ƙwari. A mayar da ita a kawo wata."

"Wa kake ce wa baiwa?" in ji ni, hawaye ya cika mini ido.

"Ke mana. Share nan, ga kashin maraƙi."

Shi ne Sambo. Na share ina kumbure-kumbure, aka ba mu fura muka sha har muka kasa tashi, aka cika mana gora da man shanu. A hanyar komawa na ce wa Goggo ni ba zan sake zuwa inda ake zagina ba. Ta yi dariya har sai da ta sauke gorar.

"Ba zagi ba ne, wasan taubasai ne. Na-Daji da babanki ke faɗa bai mutu a daji ba. Fulani suka tsince shi, ya zauna da su, suka ba shi 'yarsu. Ya haifi biyu, namiji da mace. Namijin ya tashi bai san komai ba sai shanu, daga shi su Sambo suka fito. Macen aka aura wa wani manomi a gari, ita ta haifi kakanku. Kin ga su 'ya'yan namiji ne, mu 'ya'yan mace. Ɗan mace shi ke shara duk shekara, ɗan namiji shi ke bayarwa. Haka aka gada."

"To Goggo, ashe su ne 'ya'yan sarkin, ba mu ba?"

"Rufe bakinki, kada babanki ya ji."

Mazan gidanmu ba sa son zancen tsintsiya, don haka suka bar wa mata. Goggo ta rasu, na ci gaba ni kaɗai. Na yi aure, na haife ku, mahaifinku ya rasu, ban fasa ba. Sambo ya gaji rugar ubansa, gemunsa ya yi fari, amma duk shekara sai ya ce shara ta ba ta fita, ni kuma in ce man shanunsa rabi ruwa ne. A lokacin babu wanda ya damu da inda nake zuwa. Kowane gida a garin nan yana da Bafulataninsa, mai kawo shanu su kwana a gona bayan girbi, kuma in an gan ni da gora cewa ake yi Asabe ta je sayen mai.

Daga baya duniya ta juya. Ba sai na gaya muku ba, a gabanku aka yi. 'Yan bindiga suka cika dajin, gonaki suka koma saura, hanya ta zama sai da addu'a. Abin da ya fi bindigar ɓata garin nan shi ne zargi. Kalmar infoma ta shiga bakin kowa. Mai sayen burodi da yawa abin zargi ne, mai zuba fetur a jarka abin zargi ne, wanda ya je gona ya dawo lafiya alhali an kama maƙwabcinsa shi ma sai an yi masa kallo. Ni kaina na koyi kallon takalmin mutum kafin in amsa sallamarsa. Sambo kuwa ya shiga tsaka mai wuya. Mutanen daji sun kore masa mafi yawan shanunsa don ya ƙi ba su 'ya'yansa, mutanen gari kuma suna lissafa shi cikin mutanen daji don shi Bafulatani ne. In aka gan shi da ɗan gari, na daji za su ce yana kai rahotonsu, in aka ga ɗan gari a wurinsa, 'yan sa-kai za su ce ana kai wa ɓarayi saƙo. Duk da haka ina zuwa. Nakan naɗe tsintsiya a cikin buhu in ce zan duba gonar mahaifinku da ke Kazage, in yi sharata a gurguje, in dawo kafin azahar.

A cikin wannan hali Isiyaku ya yi ritaya ya dawo gida da tumbi da lokaci mai yawa. Abokan aikinsa duk sun samu rawani a garuruwansu, ana yi musu busa, shi kuwa yana nan Alhaji kawai. Ban ga laifinsa ba, ƙanena ne, na san inda yake masa ƙaiƙayi. Wani ya gaya masa in ya kawo salsala mai kyau da ta haɗa shi da tsohon gidan sarauta, za a iya duba maganarsa. Sai ga shi wata safiya ya shigo mini, ina tsakiyar matsar man gyaɗa, da wani mutum a bayansa.

"Yaya, ga Malam Nafi'u daga Zariya. Aikinsa kenan, bin asalin gidaje. Duk tsofaffi sun ƙare, ke kika rage. Ki ba shi abin da kika sani."

Mutumin ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Yana da ladabi, ladabin ma ya yi yawa. Fari ne, mai 'yar ƙasumba, da wayoyi biyu, ɗaya yana ɗaukar magana da ita, ɗayar kuwa in ta yi ƙara sai ya tashi ya fita har bayan katanga kafin ya amsa. Na kawo masa kunu ya ce ya ƙoshi. Na kawo ruwa ya ajiye a gefe. Na dubi takalminsa, na roba ne irin na masu shiga gona, ba na malamin birni ba. Ya fara da Baba da kakanmu, na ba shi abin da kowa ya sani. Can sai tambayar ta sauka daga kan matattu ta hau kan rayayyu. 'Ya'yana maza nawa ne, wa ke Abuja, wa ke noma, a ina gonar take, yana kwana a can ko yana dawowa.

"Malam, matattu aka ce kana nema. Me ya haɗa ka da inda ɗana yake kwana?"

"Hajiya, itace ake zanawa, dole a sa rassa har ƙasa."

"Reshe yana da wurin kwana ne?"

Isiyaku ya yi dariyar yaƙe ya ce in yi haƙuri, haka aikin yake. Nafi'u ya yi ta zuwa, yau da gobe. Wata rana ina ba shi labarin gonar Kazage na ce akwai wani rafi, sunan ya kwanta mini, sai ya faɗi sunan kafin in tuno. Na ce ashe ka san wurin. Ya ce a'a, a bakin mutane ya ji. Mutumin Zariya da bai daɗe a gari ba ya san sunan rafin da ko 'ya'yana ba su sani ba. Ranar da ya gama da ni kuwa ita ce ranar da ya matso da wayar kusa da bakina ya rage murya.

"Hajiya, wani tsoho ya ce mini Na-Daji ya bar zuriya a cikin daji, kuma akwai matan gidan nan da ke zuwa wurinsu. Ko kin san inda suke? Ina so in je in ji daga bakinsu."

Nan take na hango abin da zai faru. Na ga Sambo zaune a gaban bukkarsa, na ga wannan mutum ya faka babur a rugar yana ɗaga waya. Ko Nafi'u na daji ne, ko na 'yan sa-kai ne, ko ma wawa ne kawai mai son aikinsa, duk ɗaya ne ga Sambo. Kafin rana ta faɗi wani ɓangare zai ji an kai masa baƙo daga gari. Na ce wa Nafi'u mai yana ƙonewa a wuta, na tashi na bar shi.

Na samu Isiyaku shi kaɗai na ce ya sallami mutumin nan, ban yarda da shi ba. Ya ce ni dama ban yarda da kowa ba, ko limami ya yi doguwar sura sai na ce da wata manufa. Gaskiyarsa ce, amma ba ta canja komai ba. Na yi tunanin in gaya masa duka, sai na tuna bakin Isiyaku. Abin da ya ji da safe, kafin la'asar yana majalisa.

Da Babbar Salla dangi suka taru a gidansa cin nama. Bayan an ci an sha, ya sa aka shimfiɗa mini darduma a tsakiya, Nafi'u ya kafa wayarsa, Isiyaku ya miƙe cikin babbar riga ya yi jawabi, ya ce yau Yaya Asabe za ta haɗa mana igiyar da ta tsinke. Yana murmushi irin na yaro ranar sabon kaya. Wannan murmushin har yau yana damuna.

"Babu wata igiya," na ce. "Goggo Lami ta gaya mini kafin ta rasu. Wani maroƙi ne ya ƙirƙiro Na-Daji a bikin Baba don a yi masa kyauta, Baba ya ji daɗi ya riƙe. Kakanninmu manoma ne, dawa suka sani. Ba mu da kowa a fada, ba mu da kowa a daji."

"Yaya, me kike faɗa haka?"

"Abin da ka ji."

"A gaban mutane? A gaban 'ya'yana?"

"Kai ka tara su."

Wata daga cikin surukai ta saki dariya ta toshe baki da gyale. Isiyaku ya cire hularsa ya mayar, ya shige ɗaki. Na ji ciwon abin har cikin ƙashina, don ban taɓa kunyata shi ba tun yana goye a bayana. Amma da na dubi Nafi'u na ga bai kashe wayar ba, kuma ba Isiyaku yake kallo ba, ni yake kallo.

Na zaci zai tattara ya tafi. Bai tafi ba. Isiyaku ya daina gaishe ni, ya rantse sai ya tono gaskiya ba da ni ba, Nafi'u kuma ya ci gaba da yawo a gari. Sai in fito in gan shi a wurin mai shayin bakin layinmu. In je tasha in hango shi yana hira da 'yan acaɓa masu zuwa Kazage. Wata ya kama, Cika-ciki ta zo. Na sayi sabuwar tsintsiya kamar kullum, na naɗe ta a buhu, na leƙa waje da safe, ga shi can a kan benci yana kurɓar shayi, shi da ba ya shan ruwan gidana. Na koma na warware buhun. Tun ranar da Goggo ta fara kai ni, haihuwa ba ta hana ni ba, takaba ma da ta zo a kan lokacin na aika wata 'yar Goggo a madadina. Wannan shekara ban je ba, ban aika ba, don duk wanda na aika za a iya bin sawunsa. Sambo ba ya riƙe waya, ya jefa tasa a rafi tun da aka fara zargin masu waya. Na ce a raina zai gane, ya san yadda gari yake.

Abin da na manta shi ne sharar ba a kaina kaɗai take ba. Ni ina ganin ni ce mai zuwa, in ban je ba shi kenan. A wurin Sambo kuwa shi ne mai bayarwa, kuma ɗan namiji da ya bar shekara ta juya bai ba 'yar mace haƙƙinta ba ya yanke zumunci da hannunsa.

Ranar kasuwa, hantsi ya ɗaga, na ji hayaniya a ƙofar gida. Na yafa mayafi na fito. Mutane sun cika layin. A tsakiya ga Sambo zaune a ƙasa, malfarsa a gefe, leɓensa ya fashe, ya rungume gora a ƙirji da hannu biyu. 'Yan sa-kai sun kewaye shi da bindigogi da gorori. Shugabansu Garba ne, ɗan maƙwabciyata, wanda aka kashe wa ƙane a gona bara waccan. Na hango Isiyaku ya fito daga gidansa da ke tsallaken layi. Na hango Nafi'u a bayan mutane, ya ɗaga waya sama.

"Hajiya," in ji Garba, "mun kama wannan yana tambayar gidanki. Daga daji ya fito. Ya ce wai saƙo ya kawo miki. Kin san shi?"

Ba zan ce muku ban yi tunani ba. Na yi. In na ce na san shi, ƙaryata ta tonu a gaban duk garin, kuma daga ranar gidanmu ya shiga bakin mutane, ku ma kun shiga. In na ce ban san shi ba, Garba zai tafi da shi bayan gari, kuma na san waɗanda aka tafi da su can ba su dawo sun ba da labari ba. Sambo ya ɗago ya dube ni da idonsa guda da bai kumbura ba. Tsohon banza, wai a wannan hali murmushi yake yi.

"Baiwata, kin gudu daga aiki. Na ce ko mutuwa kika yi ba a gaya mini ba."

Na juya na shiga gida. Na ji wani ya ce kun gani, ba ta san shi ba. Na ɗauko tsintsiyar na fito, na ture bakin bindigar wani yaro da gwiwar hannu, na duƙa a gaban Sambo na kama shara. Na share gabansa, na share gefensa, ƙura ta tashi ta hau wandon Garba.

"Ɗaga ƙafarka, ƙazami. Kai da ko rugarka ba ka iya gyarawa, ka zo ka ɓata mini ƙofar gida."

"A hankali, baiwa. Can ma bai fita ba."

Wata tsohuwa a cikin taron ta ce, "La ilaha illallahu, shara ce! Taubasai ne!" Tsofaffin suka fara gunaguni, wasu na dariya. Samarin ba su gane ba, sai da aka yi musu bayani. Na miƙe na ce wa Garba, da ƙarfi yadda kowa zai ji, wannan ɗan'uwana ne na jini, shi ɗan namiji ni 'yar mace, uwarka ta sha cin tuwo da irin man da ke cikin gorar nan, je ka tambaye ta. Garba ya karɓi gorar ya buɗe, ya sa tsinke ya juya har ƙasa. Man shanu ne kawai. Ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

Isiyaku ya ratso mutane ya tsaya a kan Sambo.

"Malam, kai ɗan wane ne?"

Sambo ya faɗi sunan ubansa, da na kakansa, da na uban kakansa, yana share jini da bakin riga, ya ƙare da cewa, "Shi kuma ɗan Na-Daji. An ce wai ɗan sarki ne. Mu dai ba mu ga ya bar mana komai ba sai yawo."

Na ga fuskar ƙanena ta sauya. Ya dubi tsohon, da tsagaggiyar rigarsa da ƙafarsa duk faso, ya dube ni. Sannan ya duƙa da babbar rigarsa ya ɗauko malfar ya kaɗe ta ya miƙa masa. Ya ce a kawo mota. Sambo ya ce shi ba ya shiga mota, in aka gan shi ya sauka daga motar Alhaji a bakin daji ya gama yawo. Isiyaku ya taka da ƙafa ya raka shi har ƙarshen gari, yana gaba Sambo na baya, don kada wani ya sake taɓa shi. Ko ruwa ban samu na ba Sambo ba.

Nafi'u bai kwana biyu a gari ba bayan wannan. Ya tafi bai yi wa kowa sallama ba, da duk abin da wayarsa ta ɗauka. Wasu sun ce tsoro ya ji, don 'yan sa-kai sun fara tambayar shi kuma wane ne. Isiyaku ya ce daga baya wani ya gan shi a Zariya yana yi wa wani gida irin wannan aiki. Mai yiwuwa ne. Ban taɓa samun hujja a kansa ba, kuma ban taɓa daina zarginsa ba.

Abin da ya biyo baya kun gan shi da idonku. Matan da suka shekara suna sayen maina da ƙuli-ƙulina suka koma wani gida. Aka sa mini Hajiyar Daji. Duk lokacin da aka sace wani a unguwa sai in ga ana kallon ƙofata. Lawal ɗana, kai ka san dalilin da ya sa aka daina kiranka aikin gayya, yanzu ka ji tushensa. Maganar rawani ta mutu, don babu mai ɗaura wa ɗan mace rawani da sunan gado alhali ɗan namiji yana raye yana kiwo. Isiyaku ya daɗe bai shigo gidana ba. Sai da ciwonsa na ƙarshe ya kwantar da shi na je na zauna a gefen gadonsa, sai ya ce:

"Yaya, da kin gaya mini tun farko, ai da ni kaɗai zan je."

"Da ka je?"

Ya girgiza kai.

"A'a. Da Nafi'u zan tura."

Shi kenan abin da muka ce a kai, kuma ya ishe ni.

Sambo kuwa, watan bai ƙare ba na kasa haƙuri na tafi Kazage, a fili wannan karon, tunda babu sauran abin ɓoyewa. Na tarar da rugar babu kowa. Turakun maruƙa suna tsaye, toka ta yi sanyi, bukkokin ba a ƙone su ba. Na duba ko'ina ban ga jini ba, ban ga sabon kabari ba. Ko na daji ne suka ji ya shiga gari, ko 'yan sa-kai ne suka biyo shi, ko shi ne ya ga zama ya ƙare ya kaɗa sauran shanunsa, ban sani ba. Na bi gonakin da ke kusa ina tambaya, kowa ya ce bai ga komai ba, irin amsar da ni ma da zan bayar. A ƙarshe wani mai yankan dawa ya ja ni gefe ya ce shi ya ga wasu 'yan shanu sun bi yamma da sassafe, da mata da yara a bayansu, da wani tsoho a kan jaki.

Na riƙe hannun rigarsa na ce, "A zaune yake a kan jakin, ko a kwance aka ɗora shi?"

Ya ce, "Hajiya, da nisa na hango su."